Abdullahi Ɗan Buhaina da Kalangun Kakana

Jikan Mai Kalangu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Iyayenmu da ke ciki a gafarce ni, yau zan ɗan tsawaita, don abin ya kwana biyu yana ci mani rai.

Shekaranjiya da dare bayan na rufe shago, ina kwance ina latsa waya, sai na faɗa kan wani tsohon bidiyo, irin marar kalar nan. Wani baƙar fatar Amurka ne zaune bayan jerin ganguna, ya sha kwat, zufa na tsiyaya, baki a buɗe, ido na kallon sama. Har zan wuce, sai na ga ya sunkuya ya ɗora gwiwar hannunsa bisa fatar ganga ɗaya ya danna, yana buga ta da ɗayan hannun. Muryar gangar ta haura. Ya sassauta, ta sauko. Wallahi sai da na tashi zaune, don abin da kakana ke yi ke nan da hammatarsa in ya matse tsarkiyar kalangu.

Sunan mutumin Art Blakey, makaɗin jaz ne, wani salon kiɗa na baƙaƙen Amurka. Abin da ya ƙara ɗaure mani kai, ashe yana da wani suna, Abdullah Ibn Buhaina. Kuma tawagar tashi ce. Ba mai waƙa ke gaba ba, ba mai busa ba, shi da ke can baya ga ganguna shi ne uban tafiya, sunansa ake rubutawa jikin faifai, kuma ya shekara kusan 35 yana jan wannan tawaga.

Kakana ya yi wa mahauta kiɗa sama da shekara arba'in. Ranar kasuwa, in an yi yanka, kalangunsa ke shaida wa gari nama ya sauka. Yau kalangun na rataye a ɗakin shirgi a gidanmu, ɓera ya cinye fatar gefe guda. Ni kaina na daɗe ba na faɗin ko jikan wane ne ni, tun da wani gida suka maido mani kayan gaisuwa suka ce ba su ba jikan maroƙi. Tambayata ita ce, me ya sa can mai ganga ke zama uban gida har a riƙa kiran tawagarsa makaranta, mu kuwa nan ko sunan makaɗi ba mu riƙewa?

Ɗan Ƙofar Guga:
Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan kaka. Amma Yaya, ina ruwan biri da gada? Jaz ɗin nan ni in na ji shi kamar kowa na busa abin da ya ga dama.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Ɗana Jikan Mai Kalangu, ka taɓo mani inda ke mani ƙaiƙayi. Lokacin da nike aiki Kaduna, faya-fayan mutumin nan sun sha ratsa hannuna, irin manyan baƙaƙen nan da ake ɗora ma allura. Bari in ba ku abin da na sani, ku yi haƙuri da rubutun tsoho.

An haife shi ran 11 ga Oktoba 1919 a Pittsburgh, garin masana'antun ƙarfe. Uwarsa ta rasu yana jariri, uban kuma bai riƙe shi ba, a hannun wasu ya tashi. Da fiyano ya fara, tun yana ɗan saurayi yana neman na abinci da shi a gidajen rawa. Labarin da shi kansa ke bayarwa, wai wata rana wani yaro mai suna Erroll Garner ya zo ya zauna ga fiyanon ya fi shi iyawa, sai mai gidan rawar ya nuna mashi bindiga ya ce koma ga ganguna. Kun ga ba gado ya yi ba, tilas ta kai shi.

Ya bi tawagar Fletcher Henderson, kuma a wannan yawon ne a jihar Jojiya ɗan sanda farar fata ya yi mashi dukan da sai da aka sa mashi ƙarfe a ƙoƙon kai. Ku riƙe wannan, don kada ku ɗauka can ɗin gata aka yi mashi. Daga 1944 zuwa 1947 yana tawagar Billy Eckstine, inda ya zauna da su Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Miles Davis, mutanen da suka juya akalar jaz baki ɗaya. Da tawagar ta watse ne ya zo Afirka ta Yamma, wajen ƙarshen shekarun 1940, ya kuma ɗauki sunan da ka ambata. Abokansa har ya mutu Bu suke ce mashi, gajarta Buhaina.

To ga inda nike son ku tsaya. A watan Fabrairu 1954 an naɗi wasansu a wani gidan rawa da ake kira Birdland a New York, shi da Horace Silver mai fiyano da wani yaro mai busa ƙaho, Clifford Brown. A cikin faifan ana jin muryarsa yana gaya ma jama'a cewa shi da yara zai riƙa tafiya, in waɗannan sun tsufa ya nemo waɗanda ba su kai su ba. Abin da ya yi ke nan kuwa har ƙarshen ransa. Shi da Silver suka kafa Jazz Messengers, wato manzannin jaz, Silver ya tafi a 1956 ya bar mashi sunan. Daga nan yara ke shigowa suna fita: Lee Morgan, Benny Golson, Bobby Timmons, Wayne Shorter da ya zauna daga 1959 zuwa 1964 kafin ya koma wurin Miles Davis, Freddie Hubbard, Keith Jarrett, har Wynton Marsalis da ya shigo a 1980 bai cika shekara ashirin ba. Ba ya barin yaro ya tsaya ga busa kawai. Sai ya sa shi ya tsara kiɗa nashi na kansa, tawaga ta buga, a rubuta sunan yaron. In ya ga ya ƙosa, sai ya ce mashi tashi ka kafa taka.

Wannan sakin shi ne sirrin. Ko wane yaro ya fita, da sunan maigidan yake fita a bakinsa.

Malamar Hausa daga Daura:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya, mun ƙaru. Amma ƙanena Jikan Mai Kalangu, ban yarda da kai ba a wuri biyu.

Na farko, kada son abin baƙo ya sa ka rage wa kakanka tsawo. Gwiwar hannu a kan fata tana ɗaga murya ta sauke ta, shi ke nan. Kalangu kuwa magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko ta hau ko ta sauka ko ta faɗi, shi ya sa in makaɗi ya matse ya saki, wanda ya san take yana jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ɗan dambe yana can bayan fage zai ji an kira shi da ubansa, tsikar jikinsa ta tashi, ba wanda ya buɗe baki. Gangunan Blakey ba sa kiran sunan kowa.

Na biyu, ba gaskiya ba ne a ce Bahaushe bai ba mai ganga matsayi ba. Je ka ƙofar fada ranar hawan Salla, a nan Daura ko a Katsina. Akwai Sarkin Tambura, akwai Sarkin Makaɗa, sarautu ne da naɗi. Tambari ba a buga wa kowa shi sai sarki. Kuma mun raba wa kowace sana'a kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi na fada. Al'ummar da ta yi wannan tsari ba za a ce ba ta san darajar kiɗa ba.

Jikan Mai Kalangu:
Anti Malama, na karɓi gyara a kan na farko, kuma na ji daɗinsa. Na tuna ina yaro, kaka na zaune a zaure yana gyaran tsarkiya, in yana son ruwa ba ya kiran kakata da baki. Sau uku zai taɓa kalangun, sai mu ji ta daga cikin gida tana cewa ga ni nan tafe. Har yau ina iya jin karin a kunnena.

Amma na biyun, Anti, sarautar ta tsaya a ƙofar fada. Wanda ke jin daɗin kiɗan ranar Salla, in aka zo maganar aure shi ne zai fara cewa a binciki asali. Mun san darajar kiɗa, makaɗin ne ba mu sani ba.

Almajirin Zaure:
Salamu alaikum. Ina da tsokaci biyu. Sunan nan da ya ɗauka ba ƙaramin suna ba ne. Abdullahi ɗan Buhaina sahabi ne, Allah Ya ƙara masa yarda, Buhaina kuwa sunan mahaifiyarsa ne. Shi ya ruwaito hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe bayan raka'a biyu a sallar Azahar bai zauna ba, sannan ya yi sujada biyu kafin sallama. Duk wanda ya karanta babin ƙabli da ba'adi ya gamu da sunan.

Na biyu, kada a ɗauki mutumin a kai shi inda bai kai ba. Ta hannun 'yan Ahmadiyya ya shiga, kamar da yawa daga makaɗan jaz na wancan zamani, kuma kowa ya san matsayin malamanmu a kansu. Sannan an san shi da shan miyagun ƙwayoyi. Ina jin tsoron yaranmu su karanta wannan su ɗauka abin koyi ne.

Mai Kula da Zaure:
Malam, an gode da faɗakarwa. 'Yan uwa, maganar aƙida da hukuncin kiɗa tana da zaurenta da malamanta, kada mu buɗe ta nan. A ci gaba a kan sana'ar.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Malam bai faɗi ƙarya ba, kuma ban zo wanke kowa ba. Ƙwaya ta cinye mutane da yawa a wannan sana'a, Charlie Parker bai wuce shekara 34 ba. Abin koyin da nike nufi riƙon yara ne.

Kuma diyata Malama, za ki yi mamaki, Blakey da kansa yana bayanki. Mutane sun so su ce a Afirka ya koyo kiɗa, shi kuwa ya sha faɗin cewa addini da hikimar mutane suka kawo shi, ba ganga ba. Yana cewa jaz abin baƙaƙen Amurka ne, a can aka haife shi, kada a raina makaɗan Afirka a ce abu ɗaya suke yi. Duk da haka a 1962 ya tara makaɗa suka yi faifai guda, cikinsu har da Solomon Ilori, Bayarabe ɗan Najeriya, da gangarsa mai magana, 'yar uwar kalangunmu. Ya zauna da su a matsayin abokan sana'a.

Ɗan Ƙofar Guga da ya ce kowa na busa abin da ya ga dama, ɗana ka sake saurare, amma ka bar bin masu busa. Ka bi ƙafarsa ta hagu. Akwai wasu faya-fayan tagulla biyu da ake haɗa bakinsu da taku, za ka ji cas, cas, a bugu na biyu da na huɗu, ba ya kuskurewa ko ana ha-maza-ha-mata. Wannan shi ne aikin kuntuku a wurinmu, shi ke riƙe da kowa. Sannan in mai busa ya gama zai miƙa ma wani, sai ka ji ya murza sandunan bisa fata, abin ya fara kamar yayyafi bisa kwano ya ƙare kamar hadari ya kece. Yaron da aka yi ma wannan a bayansa ba shi da zaɓi, dole ya buɗe ƙirji ya busa.

Ɗan Ƙofar Guga:
Baba na koma na saurara. Na ji cas cas ɗin. Da na kama shi sai sauran suka daina yi mani kama da hayaniya.

Mai Situdiyo a Sabon Layi:
Ni dai bari in faɗi wadda ba a so. Ku kuna maganar wa ya fi daraja, mu da ke cikin harkar mun san makaɗin ma an daina kiransa. Mawaƙi zai shigo wurina da safe, in buɗe kwamfuta, in ɗauko sautin kalangu da aka riga aka naɗa, in jera shi, in ɗora fiyano, kafin La'asar ya tafi da waƙarsa. In ya ce a kira mai kalangu na gaske, sai an biya shi, sai an biya ɗan karɓinsa, sai an yi ta maimaitawa. Wa zai biya? Ba ƙeta muke yi ba, kasuwa ce. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Amma zan faɗi gaskiya, kalangun kwamfuta ba ya magana. Sauti ɗaya ne yake ta dawowa. Ran da wani dattijo ya zo raka jikansa ya ji abin da na haɗa, sai ya tambaye ni, me gangar ke cewa? Na rasa amsa.

Malamar Hausa daga Daura:
Ka ji ko. Abin da nake gudu ke nan. Ɗalibaina suna iya rubuta ma'anar take a jarrabawa su ci maki, amma a kaɗa musu taken garinsu ba za su gane ba.

Sai dai ƙanena mai situdiyo, uzurin kasuwa bai gamsar da ni ba. Baba, in ban yi kuskure ba shi ma Blakey kasuwar ta taɓa juya masa baya?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Ƙwarai kuwa. A 1961 da suka je Japan an tarbe su kamar sarakuna. Amma daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin na 1970 samari suka koma ga kiɗan gita mai lantarki, gidajen jaz suka yi ta rufewa, da yawa cikin abokansa suka sauya salo. Shi bai sauya ba, kuma bai daina ɗaukar yara ba, ko da wurin wasan bai cika ba. Da abin ya farfaɗo a shekarun 1980, waɗanda suka farfaɗo da shi daga hannunsa suka fito, su Marsalis da Terence Blanchard.

Ga wani abu kuma da zai faranta ma Jikan Mai Kalangu. Tony Allen, haifaffen Legas a 1940, wanda ya riƙe ma mawaƙi Fela Kuti ganguna har zuwa 1979, da sauraren faya-fayan Blakey da na wani mai gangar jaz, Max Roach, ya gyara hannunsa. Shi ma ya daɗe a bayan mai waƙa, Fela ake gani. Daga baya ya tsaya da ƙafarsa, ya zauna Faransa, a 2017 ya fitar da faifai na girmama Blakey, a kamfanin Blue Note da ya fitar da manyan faya-fayan Blakey ɗin. Ya rasu a Faris ran 30 ga Afrilu 2020. Yaro ne da bai zauna tawagar ba, amma karatun ya iske shi har Legas.

Ɗan Unguwar Kusugu:
Tun ɗazu nake jira a ambaci Dokta Mamman Shata, tunda a nan Daura yake kwance tun 1999. Shi ma ai ba gadon waƙa ya yi ba, daga Musawa ya taso, gidansu ba su so ba, ya kai har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Wannan bai isa amsa ba? Ga mai kalangu ya kai ƙololuwa.

Jikan Mai Kalangu:
Yayana, Allah Ya jiƙan Dokta, amma ka ƙarfafa maganata ne. Shata mawaƙi ne, kalangan wasu ke riƙe da su a bayansa. Cire kalangan nan ka ji ko waƙar za ta tsaya yadda ka san ta. To a zauren nan mu sama da ɗari biyu, yawancinmu mun haddace baitocinsa, wa zai kawo sunan makaɗansa uku ba tare da ya tambayi wani ba?

Ɗan Unguwar Kusugu:
Tsofaffin Funtuwa za su kawo maka su tsaf.

Jikan Mai Kalangu:
Tsofaffi ka ce. Nan da shekara goma fa?

Uwar Marayu:
Ɗana, ni ban san jaz ba, amma na san gidan makaɗa, don maƙwabtanmu ne a Ƙofar Sauri tun ina amarya. Laifin ba na masu kallo ba ne su kaɗai. Maigidan nan ya riƙe yaransa har suka yi furfura suna bayansa, in an samu kuɗi a wurin biki shi ke rabawa, ba wanda ya isa ya karɓi gayyata da sunansa. Akwai wani take da ya ƙi koya ma kowa, wai sai ɗansa na cikinsa. Ɗan kuwa ya tafi aikin gwamnati, bai waiwayi ganga ba. Ran da tsohon ya rasu, da abinsa aka rufe shi. Da Baba ya ce wancan mutumin yana kora yaransa su je su kafa nasu, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Da maƙwabcinmu ya yi haka, da yanzu akwai gida biyar da ake kiran sunansa.

Kuma maganar kayan gaisuwar da aka maido maka, ka bar ma Allah. Kakanka da guminsa ya ci.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Hajiya kin gama magana. Abu ɗaya zan ƙara. A ƙarshen rayuwarsa kunnen Blakey ya toshe, shekaru na dukan tagulla sun cinye shi. Bai yarda ya hau wasa da na'urar ji ba, ya ce tana rikita mashi lokaci. Da jijjigar da ke tasowa ta cikin katakon dandamali da kujerarsa yake gane inda yaran suke. Haka ya yi ta yi har ciwon dajin huhu ya kwantar da shi, ya rasu a New York ran 16 ga Oktoba 1990, kwana biyar bayan ya cika 71.

Jikan Mai Kalangu:
Na gode Mama, na gode Baba. Ɗazu bayan Magariba na shiga ɗakin shirgin na sauko da kalangun. Icen lafiya lau yake, ko tsagewa babu, inda hammatarsa ke kamawa har ya yi baƙi yana sheƙi. Tsarkiyar ce ta bushe, rabi ta tsintsinke, sai fatar da za a sake. Mahaifina ya gan ni da shi a tsakar gida, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce akwai wani ƙanen kaka da ya riƙe mashi kuntuku, yana nan da rai a wani ƙauye ta wajen Batagarawa, idonsa ya tafi amma kunnensa garau. Ban taɓa jin labarinsa ba sai yau. Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan je.

Wa ya san mai ɗaurin fatar kalangu a cikin gari?

Mai Situdiyo a Sabon Layi:
Yaya, ka tambayi mahautan babbar kasuwa, su za su nuna maka. Kuma in za ka ƙauyen ka biyo ta shago, zan zo da abin naɗar murya. Ka ce ma tsohon ya kaɗa kowane take ya faɗi abin da yake cewa, da sunan wanda ya koya mashi.

Malamar Hausa daga Daura:
Ku tafi masa da goro da turare. Kada ku fara da na'ura, ku gaisa tukuna, ku bari shi ya nemi a miƙo masa kalangun.